Feshin shu da lafiyar bisashe: darasi ga mai garka da makiyayi



A lokacin ɗarin bara, wata rana da hantsi, aka kira ni a salula daga wani ƙauye da ke gefen Gulbin Maradi. Wata dattijuwa ce ta sa jikanta ya kira, wai awakinta uku sun tashi lafiya lau amma yanzu suna ta zubar da yawu suna karkarwa. Kafin in iso bisa moto, ɗaya ta riga ta mutu. Na tarar da biyun kwance, bakinsu duk kumfa, zawo ya ɓata musu baya, fatar jikinsu tana motsi kamar ƙuda na taɓa su. Da na buɗa idon ɗaya na ga ƙwayar ta tsuke ta koma kamar kan allura.

Na ce, "Inna, me suka ci yau?"

Ta ce, "Likita, ba komai sai ganyen shu. Jiya da marece yaron nan ya kwaso buhu guda daga garkar maƙwabcinmu, da asuba na zuba musu."

Na yi wa biyun allura, na aika a kira mai garkar ya zo da kwalbar maganin da ya fesa. Mutumin kirki ne, ƙungiyarsu ɗaya da ɗan tsohuwar, shi ma yana da tumaki a gida. Bai ɓoye mini komai ba. Tsutsa ta dame shi, maganin da ya saba da shi ya daina kashe ta, sai ya sayo wani mai ƙarfi a kasuwa, ya zuba ninki biyu, ya fesa ana gobe mai mota zai zo ɗaukar kaya. Da aka yanke shu aka ɓare ganyen waje, an tara shi daidai inda ya wanke famfon feshi. Daga wannan tarin yaron ya cika buhu. Akuya ɗaya ta tashi, ɗayar ta mutu kafin magariba.

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, aikina rigakafi da jinyar bisashe. Abin da ya sa nake rubutu kan shu, wanda wasu ke kira kabeji, shi ne yawancinmu yanzu ƙafa ɗaya tana garke, ɗaya tana garka. A Jiratawa da Madarumfa, a kwarin Tarka da na Majiya, a Korama wajen Matamaye da Magariya, da bakin kogi a Yamai, ganyen shu ya zama abincin awaki da ragunan turke tun daga tsakiyar ɗari har shigowar bazara, lokacin da ciyawa ta yi wuya. Duk abin da aka fesa wa shu, to dabba na cikin masu cin sa, kuma ita ke cin ganyen waje wanda ya fi shan magani. Saboda haka bari mu bi aikin daki-daki, tun daga sanin ƙwaro har zuwa ranar da ganye ya halatta ga dabba.

San ƙwaron kafin ka sayi magani

Ƙwari uku ne suka fi yi wa shu ɓarna a garakenmu.

Na farko ƙaramar tsutsa ce koriya, tsawonta bai wuce santimetir 1 ba. Tana zama a bayan ganye, tana kankare shi ta bar fata siririya kamar leda, daga baya wurin ya huje. Idan ka taɓa ta sai ta yi ta mutsu-mutsu da baya, ta saki jiki ta rataya da zare kamar gizo-gizo. Masana na kiran ta Plutella. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka-toka, za ka gan shi yana tashi idan ka girgiza shuka da marece. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai fiye da 100, kuma idan akwai zafi, daga ƙwai zuwa uwa mako biyu ne zuwa uku. Wannan ya sa shun da aka dasa a makare, wanda ya kai watan Maris da Afrilu, ya fi shan wahala.

Ta biyu ita ce tsutsar da ke shiga zuciyar shuka, masana na ce mata Hellula. Tun a fangalin reno take kama shu, ko kwanaki kaɗan bayan dashe. Tana saƙa ƴar yana a tsakiyar shuka, ta huda idon da zai ƙulla kai. Shukar da ta rasa wannan ido ko ta mutu, ko ta fito da ƙananan kawuna uku ko huɗu waɗanda ba mai saye. Idan ta riga ta shige ciki, magani ba ya isa gare ta da sauƙi, don haka a farkon rayuwar shuka ake tsare ta.

Na uku darɓa ce, ƙananan ƙwarin nan masu taruwa cunkus a bayan ganye suna tsotse ruwansa. Ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo, shuka ta tsumbure.

Akwai kuma manyan tsutsotsi masu cin ganye da dare su ɓuya da rana, wasu har su huda kan shu. Maganin da ke kashe darɓa ba lalle ne ya kashe tsutsa ba, kuma wanda ke kashe tsutsa ƙarama yana iya kasa babba. Shi ya sa zagaya garka sau biyu a mako ya zama tilas. Ka ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa, ka tsaya kan shuka goma a wurare daban-daban, ka juya ganye, ka leƙa zuciya. Idan ramukan tsofaffi ne kuma ba tsutsa mai rai, feshi asarar kuɗi ne. Idan ka ga ƙananan tsutsotsi a shuka da dama, musamman kan ɗanyen dashe ko lokacin da kai ya fara ƙulluwa, lokacin aiki ya yi.

Me ya sa magani ke daina ci

Mai garkar nan ya ce mini an lalata maganin zamani, ba shi da ƙarfi kamar da. Akwai jabu a kasuwa, gaskiya ne, amma babban dalilin yana jikin tsutsar. Plutella ta yi suna a duniya wajen sabawa da magani. Tun a shekarar 1953 aka gano ta daina mutuwa da DDT a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya, kuma tun daga nan kusan duk maganin da aka matsa mata da shi sai ta saba da shi.

Mu makiyaya mun san irin wannan. Wanda ya shekara biyar yana ɗura wa tumakinsa maganin tsutsar ciki iri ɗaya, yana rage awo don ya ishi garke, ya san ranar da maganin ya koma kamar ruwa. Haka abin yake a garka. Duk feshi yana kashe masu rauni ya bar ƴan kaɗan masu jurewa. Waɗannan su ke haihuwa, kuma bayan mako uku ƴaƴansu ne cike da fangali. Idan ka ninka awo a kansu, ƙarin bai kashe su, sai dai ya zauna kan ganye. Ga wata asarar kuma: magani mai kashe komai yana share gizo-gizo da ƙananan zanzaro masu saka ƙwai cikin jikin tsutsa, waɗanda suke yi maka aiki kyauta. Da sun ƙare sai tsutsa ta dawo fiye da da.

Canza sunan kwalba bai isa ba. Kamfanoni da yawa suna sayar da sinadari ɗaya da sunaye daban. Ka duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna, nan ake rubuta sinadarin da ke aiki. Waɗanda sunansu ya ƙare da "thrine", irin su deltametirin, sifametirin da lamda-siyalotirin, dangi ɗaya ne. Tsutsar da ta saba da ɗaya yawanci ta saba da sauran. Waɗanda suka ƙare da "fos" ko "vos", irin su kulofirifos, furofenofos da dikulobos da aka fi sani da DDVP ko piya-piya, su ma dangi ɗaya ne tare da dimetowat. Wannan dangi na biyu shi ya fi kashe mana bisashe, kuma daga cikinsa kwalbar mai garkar nan ta fito.

Wane magani za a zaɓa

Kafin kwalba akwai abubuwan da ke rage yawan feshi. Rufe fangalin reno da gidan sauro marar huji, a danne gefensa da ƙasa, yana hana uwar tsutsa saka ƙwai a kan ɗanyen iri. Dasawa da wuri, a ci moriyar sanyi. Kada a dasa sabon shu jikin tsohon da tsutsa ta cinye. A ƙaramar garka, tsince manyan tsutsotsi da hannu da safe yana rage su ƙwarai.

Idan feshi ya zama dole, a fara da mai sauƙin haɗari.

Ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. A ɓare busassun ƴaƴa, a daka ƙwayar ta kai rabin kilo, a jiƙa cikin litir 10 na ruwa ta kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, a fesa a ranar da marece. Bedi ba ya kashe tsutsa nan take. Yana hana ta ci, ya hana ta girma. Rana tana kashe ƙarfinsa, shi ya sa ake maimaitawa kamar kowane mako.

Maganin Bt. Wannan daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa ake yin sa. Tsutsa ce kaɗai yake kamawa, sai ta ci ganyen da aka fesa, ta daina ci, ta mutu cikin kwana biyu zuwa uku. Ba ya cutar da dabba ko zuma. Yana aiki sosai kan ƙananan tsutsotsi, amma ba ya taɓa darɓa.

Idan waɗannan sun kasa, sai magungunan kanti. Masu sinadarin emamektin ko sifinosad ko indosakab an yi su ne don tsutsa, asetamifirid kuma don masu tsotso irin darɓa. Su ma guba ne, suna kashe zuma, kuma wasunsu suna kashe kifi idan suka shiga ruwa. Ƙa'idar ita ce kada a zauna kan dangi ɗaya: an yi feshi ɗaya ko biyu da wannan, sai a koma wani dangin.

Wajen saye, a duba abu huɗu. Na ɗaya, lambar izini. Magungunan ƙwari a ƙasarmu kwamitin ƙasashen Sahel da ake kira CSP ke tantance su, yana ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, mazauninsa Bamako. Maganin da ya amince da shi yana ɗauke da doguwar lamba mai kalmar SAHEL a ƙarshe. Na biyu, a ga an rubuta kayan garka ko shu a cikin amfanin da aka yi maganin dominsu. Maganin auduga ba na ganyen ci ba ne. Na uku, ranar lalacewa. Na huɗu, launin zanen da ke gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai jan zane ba shi da wurin zama a garkar da yara da awaki ke shiga. Maganin da aka ɗura a kwalbar lemo ko aka ƙulla a leda, ba suna ba takarda, kada a karɓe shi ko kyauta ne, domin ranar da ya kama mutum ko dabba ba wanda zai san da me za a yi jinya. Malamin gona na yankinku da ma'aikatar kare tsirrai suna da jerin magungunan da aka yarda da su, haka ma zauren manoma na RECA.

Awo

A nan yawancin ɓarna take. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne, wani babba ne wani ƙarami. Ga yadda ake lissafi.

A ce takarda ta ce litir 1 na magani a hekta ɗaya, cikin litir 300 na ruwa. Wannan misali ne kawai, kowane magani da nasa. Famfon goyo mai cin litir 15 zai cika sau 20 kafin ya gama litir 300. A raba litir 1, wato mililitir 1000, gida 20: kowane famfo mililitir 50 ke nan, kuma ya kamata ya rufe murabba'in metir 500. Wanda shunsa bai wuce metir 10 a tsaye da 10 a kwance ba, mililitir 10 cikin litir 3 na ruwa ya ishe shi. Mutane da yawa suna cika famfo ga ƴar wannan garka, sai ruwan ya rage, su koma su sake bi har ya ƙare don kada a yi asara. Wanda ya yi haka ya zuba wa shunsa ninki biyar ba tare da ya sani ba.

A gwada tafiya da ruwa zalla tukuna. Ka zuba litir 3, ka fesa fili mai metir 10 da 10 da irin takun da ka saba. Idan ruwan ya ƙare kafin ka gama, ka ƙara sauri. Idan ya rage da yawa, ka rage.

Sirinji shi ne ma'auni mafi kyau, kuma kowane makiyayi ya san shi. Amma sirinjin garka ya zama na garka har abada. A ɗaura masa jan zare, a ajiye shi tare da famfo, kada ya kusanci akwatin maganin bisashe.

Yadda ake feshin

A yi feshi da marece, rana ta yi sanyi, zuma ta koma amya. Idan iskar hunturu na kaɗawa a bari sai ta kwanta, don tana kwashe maganin ta kai shi kan harawar da aka shanya, ko kwamin ruwa, ko fangalin salatin maƙwabci. A juya bakin famfo ya bugi bayan ganye da zuciyar shuka, inda tsutsa take. Ganyen shu yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, idan aka jiƙa shi har yana ɗiga, maganin ƙasa yake tafiya.

Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmi rufaffe, safar hannu ta roba, ya rufe hanci da baki. Ba cin goro, ba shan taba, ba shayi sai ya yi wanka da sabulu. Yaro da mace mai ciki ko mai shayarwa ba su feshi. Idan bakin famfo ya toshe, kada a hura shi da baki.

Kafin a fara, a fitar da bisashe da kaji da zabi, a rufe kwamin shan ruwa, a kwashe abincin dabbobi. Bayan an gama, a ɗauraye kwalbar da ta ƙare sau uku, ana juye ruwan cikin famfo, sannan a huda ta don kada wani ya mai da ita ta nono ko ta mai. A wanke famfo nesa da rijiya, nesa da inda ake tara ganye. Na sha ganin bidon ɗin magani rataye a wuyan jaki an ɗebo ruwan sha da shi. Wanki ba ya fitar da guba daga roba.

Wani abin da nake gani kuma shi ne wanke shanu ko raƙuma da ragowar maganin garka don kashe kaska. Ko da sunan sinadarin ya yi kama da na dabbobi, ƙarfinsa da abin da aka gauraya shi da shi daban ne. Yana ƙona fata, yana shiga jini, yana fita a nono.

Kwanakin jira

Kowace takardar magani ta gaskiya tana faɗin kwana nawa za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da yankan amfani. A takardun Faransanci za ku ga haruffa uku, DAR, da lamba a gabansu. Wani kwana 3 ne, wani 7, wani 14, wani har 21. Wannan lissafi an yi shi ne bisa awon da takarda ta faɗa. Wanda ya ninka awo, kwanakin nan ba su ishe shi ba.

Mutum yana ɓare ganyen waje ya ci na ciki, ya wanke, sau da yawa ya dafa. Akuya kuwa na wajen take samu, ɗanye, ba wanki, kuma tana iya cika cikinta da shi a zama ɗaya. Nauyin akuyarmu bai fi kilo 20 zuwa 30 ba, abin da zai sa babban mutum ciwon kai kawai yana iya kayar da ita. Wankewa da shanyawa suna rage maganin da ke bisa ganye, amma irin su dimetowat da asetamifirid suna shiga cikin jikin shuka, ruwa ba ya fitar da su.

Saboda haka, kafin ka karɓi ganye, saye ko kyauta, yi tambaya biyu: wane magani aka fesa, kuma yaushe? Idan kwanakin takarda ba su cika ba, a bar shi. Idan mai ganyen bai sani ba, kamar yadda yake faruwa da tarin ganyen kasuwa, ni shawarata a haƙura. Ganyen da ke warin magani, ko mai farin tabo kamar an yayyafa masa toka, a rufe shi a rami.

Idan kwanaki sun cika, kwashe ganye da kututturan shu a ba dabbobi taimako ne ga garkar kanta, domin a cikin ragowar nan tsutsa ke ci gaba da haihuwa ta jira sabon dashe. Makiyayi ya samu abinci, mai garka ya rage ƙwari, ga taki kuma yana dawo masa.

Idan dabba ta ci guba

Alamun dangin "fos" suna fitowa da sauri, daga ƴan mintoci zuwa ƴan awoyi: yawu mai yawa, hawaye, zawo, yawan fitsari, karkarwar tsoka, numfashi da ƙyar har da gurnani a ƙirji, tsukewar ƙwayar ido, tangaɗi, faɗuwa. Idan dabbobi da yawa suka kamu lokaci ɗaya bayan cin abinci ɗaya, a fara zargin guba.

Abin yi:

1. A kwashe sauran ganyen, a hana sauran garke.
2. A kai dabbar inuwa, wuri shiru, a kwantar da ita bisa ƙirji, kai ya ɗan sunkuya don yawu ya zuba waje.
3. Idan maganin a jiki ya zuba, a wanke da ruwa da sabulu, mai wankin ya sa safar hannu.
4. A kira ma'aikacin dabbobi nan take, a nemo kwalbar ko a ɗauki hoton takardarta a salula.
5. Kada a ɗura nono, ko mai, ko ruwan kanwa. Maiƙo yana taimaka wa irin wannan guba shiga jini, kuma dabbar da ke karkarwa ba ta haɗiya daidai, abin da aka ɗura yana iya wucewa huhu.

Allurar da muke yi sunanta atirofin. Tana aiki kan dangin "fos" da wani dangi makusancinsa, ba ta aiki kan sauran, kuma ita kanta tana da haɗari idan aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake nacewa a zo da kwalba.

Na san idan dabba ta fara shure-shure hannu wuƙa yake nema, don kada a yi asara biyu. Naman dabbar da guba ta kayar ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne. A haƙa rami mai zurfi a rufe ta, inda kare da angulu ba za su kai ba. Wadda ta tashi kuma, a zubar da nononta har sai ma'aikacin dabbobi ya ce ya yi.

Haka mutum: wanda ya ji ciwon kai, jiri, gumi, amai ko gani dishi-dishi bayan feshi, ya tuɓe kayan, ya yi wanka, a kai shi gidan likita tare da kwalbar. Shan nono bayan feshi ba ya karya guba, ko da yake an daɗe ana faɗin haka.

Shu ko ba magani

Ganyen da ba a taɓa fesawa ba ma yana son hankali. Dabbar da ta kwana da yunwa ta cika ciki da ɗanyen shu tana iya kumburi. Wadda aka riƙa ba shi da yawa har makonni, wani sinadari da ke cikinsa yana fasa ƙwayoyin jininta: fitsari ya yi ja, cikin fatar ido ya yi fari, ƙarfi ya ragu. Ga masu ciki, yawansa na iya sa a haifi ɗa da maƙoƙo. A fara da kaɗan, a ƙara sannu a hankali cikin mako guda. A ba da busasshen abinci tukuna, harawa ko kara ko dusa, sannan shu ya biyo. Ni ina ba da shawarar kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abincin yini. Ruɓaɓɓe kuwa a zubar.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Bayan abin da ya faru, ƙungiyar ƙauyen nan ta zauna, aka gayyace ni tare da malamin gona. Mai garkar ya biya tsohuwar akuya ɗaya, dattawa suka sasanta sauran. Sun kuma tsayar da abubuwa huɗu da nake ganin kowace ƙungiya za ta iya ɗauka.

Duk wanda ya yi feshi zai kafa sanda mai jan ƙyalle a bakin fangali, ba za a cire ba sai kwanakin jira sun cika. Yaron da aka aika kwasar ganye bai iya karanta DAR ba, amma ya san jan ƙyalle. Sakataren ƙungiya yana da littafi inda ake rubuta sunan mai garka, sunan magani da ranar feshi. Ana haɗa kuɗi a sayo magani mai lambar izini daga wurin dillali sananne, maimakon kowa ya tsinto nasa ranar kasuwa. An kuma ware mutum biyu da suka samu horo, su ke aunawa su fesa wa kowa da kayan kariya na ƙungiya.

A taronku na gaba, kafin a fara dashen bana, ku sa wannan magana cikin ajanda. Kowa ya zo da kwalaben da ke ɗakinsa, a karanta takardunsu tare da malamin gona, a ware na ajiyewa da na rabuwa da su. Ku kuma tabbatar lambar salular ma'aikacin dabbobi mafi kusa tana hannun mutum fiye da ɗaya a ƙauye, har da mata, tunda su ke ba awaki abinci da asuba.

Allah ya tsare mana garke da garka, ya ba mu rani mai albarka.